Ninkin Laya a Akwatin Zaɓe

Mahaifinmu baduku ne, kuma duk takardar da ta shiga hannunsa sai ta fito laya. Katin asibiti, rasiɗin wuta, sakamakon jarrabawata, duk ninki ɗaya yake yi musu: gefen dama ya zo tsakiya, na hagu ya hau kansa, sama ta sauko, ƙasa ta hau, a sake, a sake, har takardar ta koma girman akwatin ashana, sannan ya soke bakinta ciki yadda ba za ta buɗe da kanta ba. Malaman unguwarmu ta Zongo kan aiko masa da rubutu a buɗe, ya hura tawadar ta bushe, ya ninke, ya ɗinke cikin fata. Ya ce tun da yake bai taɓa karanta abin da aka ba shi ya rufe ba. "Baduku makaho ne," in ji shi. Ranar da na kai wa hedimasta takardar haihuwata, sai da bawan Allah ya yi gumi kafin ya buɗe ta, yana yi yana zagina da Turanci.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, ni da Auta. Shekara goma sha ɗaya na ba shi. Mahaifiyarmu ta rasu yana ƙarami, don haka ni na goya shi, ni na yi masa wanka, ni kuma na fi kowa dukansa. Na zama malamar firamare a Dichemso, shi ya koyi gyaran mota a Suame, unguwar makanikai. Auta ya iya aiki, ba don ƙanena ne ba. Mota tana shigowa zai karkata kai ya saurari injin, ya faɗi ciwonta tun ba a ɗaga bonet ba. Amma shekara bakwai da gama koyo bai samu rumfar kansa ba. Yana zaune a rumfar wani yana jiran ragowar aiki, ya haura talatin, yana kwana a ɗakin da aka haife shi.

A zaɓen da nake ba da labari, 'yan takarar shugaban ƙasa sun yi yawa a takarda, amma biyu ne ake magana a kansu. Ɗaya yana kan kujera, ya daɗe cikin gwamnati, ya san kowace ƙofa da makullinta. A lungunmu ana ce masa Tsohon Hannu. Ɗayan bai taɓa riƙe ƙasa ba, bakinsa kuma cike da alkawari: aiki ga matasa, masana'antu, rumfuna ga masu sana'a. Shi ake ce wa Mai Canji. Baba da abokan zamansa, tsofaffi huɗu da ke cika bencin shagonsa kullum bayan la'asar, mutanen Tsohon Hannu ne tun kafin ya hau kujera. Ɓangarensa suke bi, ko ya ci ko ya faɗi. Auta kuwa hoton Mai Canji ya liƙa a akwatin sifanoninsa.

Da abin ya tsaya a hoto, da ban rubuta wannan ba. Wata biyu kafin zaɓe Auta ya faɗa mana, muna shan koko da safe, cewa in Tsohon Hannu ya koma, shi ma zai kama hanya. Hanyar da yake nufi kowa a Zongo ya san ta: arewa, sai hamada, sai teku. Lungunmu kaɗai ya ba hanyar nan samari da yawa. Wasu sun aiko da hoto cikin rigar sanyi, wasu har yau iyayensu ba su san ko su yi sadaka ko su ci gaba da jira ba. Na yi masa tsawa irin ta aji, na ce ya rufe mini baki. Ya dube ni kawai. A nan na gane ba barazana yake yi ba, ya riga ya tambayi kuɗin mota.

Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ka sani, ka san inda yake ɗingishi. Wannan naka ko keke ya taɓa tuƙawa da za a ba shi babbar mota cike da mutane?"

"Baba, direban naka shekara nawa yana tuƙi? Ina muka kai? Ni dai inda na hau nan nake, ban motsa ba koraa, ko taku ɗaya."

"Ba ka motsa ba, amma ba a sauke ka ba."

Mun san abin da yake nufi. Baba a Zongo aka haife shi, amma mahaifinsa fataucin goro ya kawo shi daga arewacin Najeriya, ya rasu a nan. Baba yana saurayi aka yi sabuwar gwamnati, aka yi kiɗa aka yi rawa, aka ce komai zai canza. Abin da ya fara canzawa shi ne aka ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa. Mahaifiyarsa ba ta da takarda. Ita da ƙannensa mata biyu suka hau babbar mota da tukwane da tabarmi, shi kuma maigidansa na dukanci ya riƙe shi ya ce ɗansa ne. Wasiƙa ɗaya ta zo daga baya. Ba a sake jin komai ba. Tun daga ranar, in aka ce "canji" a gaban Baba, ba ya jin aiki ko masana'anta. Ƙarar motar nan yake ji.

Auta ya san labarin kamar yadda na sani, amma ranar zuciya ta ɗebe shi. Ya ce, "Baba, motar nan ta fi shekara hamsin. Ta ruɓe tuni, mun sayar da ƙarfenta a Suame. Kai kaɗai kake cikinta har yanzu. Sabo turken wawa."

Na mare shi. Namiji mai gemu, na ɗaga hannu na mare shi, koko ya zube a kan tabarma. Bai rama ba, ya ɗauki takalminsa ya fita. Baba ya ɗauki basilla ya ci gaba da ɗinkin da ya bari jiya. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Auta ya durƙusa da safe ya ce ina kwana, Baba ya ce lafiya, shi ke nan. Gida ya yi sanyi, ni ce nake ta surutu a tsakiya kamar rediyon da ba mai saurare.

In ana son gaskiya, ni ma na auna abin, kuma ban auna shi da kyau ba. Wani lokaci in ji Auta ya fi gaskiya: mutum ya yi shekaru a kan kujera, kwatar lungunmu tana nan yadda take, yaran da na koyar suna zaune a bakin titi suna shan shayi daga safe zuwa yamma. Ƙwarewar da ba ta iso ƙofar gidanka ba, ina amfaninta? Wani lokaci kuma in ji Baba ya fi gaskiya: alkawari ba ya cika tukunya, kuma mu 'yan Zongo in ƙasa ta girgiza mu ne muke fara faɗuwa. A gida na ce ni ba ruwana, ma'aikaciyar zaɓe ce ni. Gaskiya ne an ɗauke ni aikin, kamar yadda ake ɗaukar malaman makaranta, aka kuma ba ni shugabancin rumfar zaɓen unguwarmu. Mu ma'aikata mukan jefa tamu ƙuri'ar kwanaki kafin jama'a. Na shiga, na tsaya, na tuna albashina yana zuwa a kan lokaci, na dangwala wa Tsohon Hannu. Mai albashi ba ya son hayaniya. Ban faɗa wa kowa ba.

A rumfarmu akwai wata al'ada da ba ta cikin littafin dokar zaɓe. In an rufe zaɓe da yamma, ana zazzage akwatin a kan tebur a gaban jama'a, a buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Kowane zaɓe, cikin tarin takardun nan sai an ga wata 'yar ƙarama, murabba'i, a soke. Sai wuri ya kaure da dariya: "Ga ta Baduku! Ga layar ta fito!" Ma'aikaci ya yi ta fama da farce, in ya buɗe ya ɗaga, abokan Baba su yi kabbara, don kowa ya san ɓangaren da za ta faɗa. Ƙuri'ar kowa sirri ce ban da ta mahaifina. Shi bai damu ba, ba ya ma zuwa wurin ƙirga. Ana gobe zaɓe na ɗauki takardar banza na nuna masa yadda aka koya mana: a ninke ta a tsaye, sau biyu kawai, don kada tawada ta taɓa fuskar wani. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yau kuma ke za ki koya wa baduku ninki?"

Ranar zaɓe ya zo da hantsi cikin farar rigarsa ta Juma'a. Aka matsa masa ya wuce gaba saboda shekaru. Ni ina can gefe da takarduna, na yi kamar ban san shi ba, haka doka ta ce. Amma ido ba ya bin doka. Na ga ya shiga bayan allon, ya daɗe. Mutumin da ya saba shiga ya fito kafin ka ce kwabo, ranar ya tsaya har wani daga layi ya ce, "Baba, ko barci ya ɗauke ka?" Aka yi dariya. Ya fito da sauri, ya jefa, ya wuce bai dubi kowa ba. Na ɗauka ƙafarsa ce ke damunsa.

Ƙarfe biyar muka rufe. Muka jawo tebur ƙarƙashin mangwaron harabar makaranta, jama'a suka taru bayan igiya, wakilan 'yan takara suka tsaya kusa da mu. Tsofaffin bencin Baba su huɗu suna gaba, ɗaya har da kujerarsa ya zo. Auta yana can baya ya harɗe hannu, rigar aikinsa duk baƙin mai. Muka zazzage akwatin shugaban ƙasa. Ba a daɗe ba wata mata ta hango ta, ta ɗaga murya: "Ga layar! Madam, ki buɗe ta Babanki da kanki!" Wuri ya ɗauka. Na yi murmushi na miƙa hannu. Ni kaɗai ce a Zongo nake buɗe ninkin Baba ba tare da wahala ba.

Na zare bakin, na warware. Tabo biyu na gani.

Baba yana da wata alama a babban yatsansa, tsagi ne da zare ya yi masa saboda shekarun ja da ɗaurewa. Duk inda ya dangwala, sai ka ga farin layi ya ratsa tsakiyar tawadar. Tabon da ke da zanen yatsa sosai, da farin layin nan, yana gaban hoton Mai Canji. Ɗayan, wanda ke gaban Tsohon Hannu, inuwa ce kawai, tawadar da ta manne lokacin da aka ninke takardar tun ba ta bushe ba. Ban yi daƙiƙa biyu ina kallo ba na gane komai. Mahaifina ya ba Mai Canji ƙuri'arsa. Ya ba Auta.

A horon da aka yi mana an faɗa ƙarara: in niyyar mai zaɓe ta fito fili, a ƙirga masa, in ba a gane ba, a ware ta cikin lalatattu. Shugaban rumfa ne ke yanke hukunci, ni ke nan. Niyyar kuwa ta fito fili, ko ɗan aji uku na nuna wa zai gane.

Wakilin Tsohon Hannu, wani mai sayar da kayan mota, bai ko leƙa ba ya fara ihu: "Namu ne! Kowa ya san namu ne, Madam, sa shi nan!" Wakilin Mai Canji kuma, wani dogon saurayi da Hausarsa ta kasuwa, ya hango tabo biyu daga inda yake, ya yi tsalle: "A'a! Wannan takarda ya lalace paa! Biyu ne, biyu ne! Madam, kar ka yi son kai don Babanka ne!" Shi ma bai duba ba. Ya tabbata ba tasu ba ce, don haka yake rantsuwa a jefar da ita. Ƙuri'arsa ce yake kashewa da bakinsa, bai sani ba.

Na ɗaga kai na ga tsofaffin nan huɗu suna jira su yi kabbara. Ɗaya daga cikinsu tare suka tsaya da Baba a bakin titi ranar da motar nan ta tashi, shi ma da nasa a ciki. In na ce ta Mai Canji ce, na tsaya a gaban Zongo duka na kwance wa mahaifina zani a kasuwa. Gobe da wane ido zai zauna a bencin nan? Mutumin da bai taɓa karanta sirrin kowa ba, ni 'yarsa in karanta nasa da lasifika? Wannan shi ne dalilin da na daɗe ina faɗa wa kaina. Akwai na biyu, wanda ba shi da kyan gani: na ji tsoro. Kowa ya san ɓangaren ƙanena. Za a ce Madam ta murɗe ƙuri'ar tsoho ta ba su, a yi ta ja, a kira 'yan sanda, sunana ya ɓaci a wurin aiki.

Na ɗaga takardar sama da sauri, daga nesa, yadda tabo biyu kawai za a gani. Na ce, "Ta lalace." Na saka ta a ambulan.

Aka yi "ayya", aka yi dariya. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce layar bana ba ta ci ba. Tsofaffin suka yi ta gunaguni. Na duba baya inda Auta yake, na ga ya juya yana tafiya. Na ci gaba da ƙirga har muka gama, ana kiran magariba, ban yi kuskuren lamba ko ɗaya ba.

Washegari da safe na sami Baba a shago shi kaɗai yana yankan fata. Na gaishe shi na zauna a benci. Bai ɗago ba ya ce, "An ce ta lalace."

"E, Baba."

"Ke kika buɗe?"

"Ni ce."

"To kin gani."

Na ce na gani. Ya ci gaba da bin fatar da wuƙa. Can ya ce, "Ban hura ba. Duk zaɓen da na yi sai na tsaya na hura ta bushe. Jiya da na ɗaga yatsana, na kasa kallonta. Sai na ga kamar na sa hannu a sake loda motar. Na rufe ta da sauri." Ya ajiye wuƙar. "Amma wancan canjin uwa ya ɗauke mini. Na ce in rashin wannan zai ɗauke mini ɗa, gara in gwada."

Kuka ya zo mini, na danne. Na ce bari in faɗa wa Auta, yau ɗin nan. Ya girgiza kai.

"Kyautar da ta zube a hanya ba a gorinta. Me za ki ce masa? Ubanka ya so ya ba ka amma hannunsa ya ɓata? Kuma in ya zauna don kunyata, kullum ya dube ni zai ga abin da ya tsare shi. Ki bar shi. Kin rufa mini asiri jiya, Allah ya rufa naki. Ki ƙarasa."

Na yi musu kaɗan, sannan na yarda. Na yarda da wuri fiye da yadda ya kamata, don faɗa wa Auta yana nufin in faɗa masa abin da ni na yi da takardar. Umarnin uba ya zo mini daidai da abin da tsorona yake so, na rungume shi na kira shi biyayya.

Auta kuwa ga yadda ya fassara abin. Ya ce mini, "Yaya, kin ga mutuminki? Wataƙila ya ɗan tuna da ni a ciki, sai ya ga gara ya ɓata ta da ya ba ni. Ko kuma mutuminsa ya dangwala wa, hannu ya goga. Duk ɗaya ne." Na ce ya daina zargin mahaifinsa. Ya ce, "Yoo, na daina." Da aka sanar Tsohon Hannu ya koma, abokan Baba suka zo da ƙwaryar goro, suna tsokanarsa cewa an ci ba da shi ba. Ya karɓi goron ya ɓare ya tauna tare da su. Ina kallonsa daga ƙofar gida, ban taɓa ganin mutum yana cin goro kamar yana haɗiyar magani ba sai ranar.

Sati uku bayan nan Auta ya ɗaure jakarsa. Da safe ya je shago ya durƙusa ya ce, "Baba, zan tafi." Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka riƙe salla." Ya ɗora masa hannu a ka, ya ɗan daɗe bai ɗauke ba. Na tsaya ina jiran ɗayansu ya ƙara ko kalma ɗaya. Ba wanda ya ƙara.

Ni na raka shi tashar Krofrom, inda motocin arewa ke lodi. Na haɗa masa garin rogo da yaji da sukari. Mun fi awa ɗaya muna jiran mota ta cika, muna zaune a kan benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Maganar tana bakina, sau uku tana zuwa har haƙorana. Sai in ce masa ya riƙa sa safa in ana sanyi. Sai in ce kada ya ba kowa ajiyar takardunsa. Da kwandasta ya fara kira, ya rungume ni ya ce, "Ki kula da tsohon." Motar ta fita ta bi titi, na tsaya har na daina ganinta, sannan na hau mota zuwa makaranta, na koyar da lissafi.

Allah ya yi masa gyaɗar dogo, bai mutu a hanya ba. Ya yi kusan shekara kafin ya haye teku, kuma abin da ya gani a tsakani har yau bai ba ni labari ba. Ya sami aiki a wani wurin gyaran taya. Yakan kira ni ran Lahadi, mu yi hira mu yi dariya. In na kai wa Baba wayar, sai gaisuwa: ina gajiya, ya sanyi, lafiya lau, to madalla. Baba ya miƙo mini wayar, ya yi ta kallon hannunsa. Sau biyu na ce masa, "Baba, yanzu ai ya wuce, bari in faɗa." Ya ce in bari ya dawo tukuna, irin wannan magana ba ta waya ba ce. Auta kuma ba shi da takardar da zai fita ya koma, don haka dawowa ba ta taso ba.

A shekara ta uku Baba ya kwanta, kwana tara, ya rasu ranar Talata da hantsi. Auta ya ga jana'izar mahaifinsa a waya, wani maƙwabci ya ɗaga masa ita sama da kawunan mutane.

Bayan sadakar bakwai, da mata suka watse aka kwashe tabarmi, na zauna a tsakar gida na kira shi. Na ce ina da magana, kada ya katse ni. Na faɗa masa duka: daɗewar Baba a bayan allo, tabo biyun, farin layin, abin da ya ce a shago. Na faɗa masa har wanda ni na zaɓa. Ina jin ƙarar injin cire taya a bayansa, sai na ji ya matsa wani wuri, ƙarar ta ragu. 

"Yaya," ya ce, "ke kika ce ta lalace?"

"Ni ce."

"Kin ga ba ta lalace ba."

"Na gani." Sai bakina na malama ya riga hankalina, na ce, "Auta, ƙuri'a ɗaya ce. Ko na ƙirga ta, ba za ta canza wanda ya ci ba."

"Wa yake maganar wanda ya ci?" Muryarsa ta karye. "Ina nan tsaye a bayan igiya, Yaya. Da kin ɗaga ta kin faɗa, da na ji. Shekara uku ina gaishe shi kamar baƙo. Na ce masa wawa, ya je ya ba ni, ni kuma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba, don na ɗauka bai ji ni ba." Ya ja numfashi. "Wataƙila da ban tafi ba ma."

Ban sani ba ko da gaske da bai tafi ba. Shi ma ina jin bai sani ba. Na buɗe baki in ce Baba ne ya hana ni, na ji ba zan iya ɗora wa mamaci kayana ba. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ana kiransa, mota ta shigo, zai kira ni ran Lahadi.

Lahadin ta zo, na ajiye wayar a kan tabarma kusa da ni tun bayan azahar. Na ƙi shiga wanka don kada ta yi ƙara ba na kusa.